Hankakan da Ya Cire Mini Hula a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida surukaina ba, kuma ko da na so in manta, matan layin kifi na kasuwar Malanville ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta gabansu sai wata ta ɗaga murya ta ce, "Mai hula, a ƙunsa maka, ko ka taho da mazubinka?" Sai in yi dariya in wuce. Wanda ya yi abin faɗa ai ba ya hana a faɗa.

Bari in fara gaya muku halayena guda biyu, don in ba ku san su ba labarin ba zai shige ku ba. Na farko, ni mutum ne mai son abinci. Ban ce mai ci ba, ci kowa ma yana yi. Ni so nake yi, irin son da in ana soya kifi a ƙarshen layi sai in nemi abin da ke hannuna in rasa. Inna ta ce tun ina goye, in ta wuce mai ƙosai sai na juya kai ina bin ta da kallo (ban tuna ba, amma ban taɓa musawa ba). Na biyu kuma, ina da aboki hankaka.

Gyaran salula nake yi a wata 'yar rumfar kwano kusa da masu kifi. Wanda ya san sana'ar nan ya san rabinta jira ne, kuma a cikin jiran nan na koyi kallon hankaki. Wasu ba sa bambanta su da shirwa, su dai duk tsuntsun da ya saci nama sunansa ɗaya. Alhali hankaka ba ya ɓoyuwa: baƙi ne wuluk daga kai har wutsiya, sai ƙirji da wuya fari fat, kamar wanda ya ɗora farar falmaran a kan baƙar riga. Bakinsa kauri, muryarsa kamar ta mai mura, tafiyarsa ta masu abin hannu. Shirwa daga sama take faucewa ta gudu. Shi kuwa sauka yake yi, ya tsaya, ya karkata kai, ya yi nazarinka kamar ka zo neman aiki wajensa.

Na lura yawanci biyu-biyu suke yawo, miji da mata. Ɗaya zai sauka gaban mai tire yana tsalle-tsalle, tana ɗaga hannu ta kore shi, ɗayan ya riga ya ɗauke ta baya. Na ga yadda suke jiƙa busasshen burodi a ruwan da ya taru bakin famfo kafin su ci. Na ga yadda suke cusa sauran abinci a ƙarƙashin kwanon rumfa, in kuma ɗaya ya lura ɗan'uwansa na kallonsa sai ya dawo ya sake wa abin wuri. Suna kuma gane fuska. Akwai wata mai kifi da ta taɓa jifan ɗaya da dutse, wallahi ko zane ta sauya, tana shigowa layin za su hau ihu a kanta. Mutane suna zagin munafuki da cewa hankaka ne, gabansa fari bayansa baƙi. Ni dai a ganina an zalunci tsuntsun, don shi a bainar jama'a yake satarsa.

A cikinsu akwai wani mai karkatacciyar ƙafar hagu, da alama tarko ya taɓa kama shi. Kullum yana kan turken wutar lantarki da ke gaban rumfata yana duba mai shiga da mai fita, shi ya sa na raɗa masa suna Jandarma. Da gyaɗa muka fara. In jefa, ya jira sai na kau da kai, sannan ya sauko. Daga nan na fara kifa hulata a kan gyaɗar a bisa benci, ya zo ya kama bakin hular ya ɗaga, ya ɗauki rabonsa. A hankali hular ta hau gwiwata. Aka yi ta tafiya, har ta kai in na sa guntun tsire a cikin hula na ɗora a kaina, sai ya sauka a kafaɗata, ya ture hular, ya ɗauke abinsa. Masu dako har tsayawa suke yi da buhun albasa a ka su kalla. Ni kuwa sai ƙara hura hanci nake yi kamar na koya wa zaki karatu.

Da wannan wasan na samu Rakiya. Ta kawo salularta da ta faɗa ruwa, tana tsaye tana jira, sai na ga dama ta samu na kira Jandarma ya yi aikinsa. Ta yi dariya har ta riƙe turken rumfa. Na gyara zama na ce mata, cikin muryar malamai, "Ki riƙe wanga karatu: hankaka ba shi manta wurin da ya ga an ɓoye abinci." (Ku ma ku riƙe shi. Ni da na bayar da karatun ne ban riƙe ba.) Salular ta gyaru ranar, amma sai ga ta tana yawan samun 'yan matsaloli, ni kuma ina yawan kasa gano su da wuri.

Mahaifinta, Malam Hamidu, bandar kifi yake yi. Yana saye wajen masunta na Garou, ya banda a gidansa da ke bayan kasuwa ta wajen kogi, ya loda a kamyo, wato babbar motar kaya, a yi kudu da shi. Mutum ne mai ƙarancin magana, kuma abu biyu ya tsana a duniya: rashin kunya da hankaka. Na biyun ba laifinsa ba ne, wanda ya shanya kifi ya san ɓarnar da suke yi. Kullum akwai danƙon harbi a gefen tabarmarsa da 'yan duwatsu a gwangwani, kuma Rakiya ta ce tun tana ƙarama ba ta taɓa ganin ya ja danƙon nan ya kuskure ba.

Wata rana ta zo rumfa ba ta kawo salula ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ce, "Baba ya ce shina son ganinka. An kai mishi labarin wai ba ka da aiki sai cin tsire da wasa da tsuntsu. Ya ce in ya dube ka ya ga ba ka da kunya, in manta da zancen. Kuma ka san ni, ba ni ƙetare maganar Baba." Na san gaskiya ta faɗa. Na kuma san, a karon farko a rayuwata, akwai abin da nake so fiye da soyayyen kifi. Tsoro ya kama ni sosai.

A wajenmu, saurayi in ya je gidan surukai ba ya cin abinci. Za a kawo, kuma mafi daɗin abin da ke gidan za a kawo, amma aboki ne zai ci na mutum biyu, shi kuwa ya sunkuyar da kai kamar bai san mene ne ciki ba. Inna ta zaunar da ni ta yi ta nanatawa. "Ko ruwa aka ba ka, ka taɓa da baki ka aje. Abinci kuwa Idi ya ci. Ka ji ni ko? Dube ni nan. Na san ka, ni na haife ka." Idi abokina ne tun ƙuruciya, kabu-kabu yake yi, wato haya da babur, kuma da ya ji aikin da aka ba shi sai ya ce don abota babu wahalar da ba zai ɗauka ba.

Yayana ya ara mini babbar rigarsa ta farar shadda, bayan ya rantsar da ni cewa ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba. Da safe na je wajen wanzami ya yi mini aski ƙwal, kai yana ƙyalli. Inna ta dama fura, ta dafa shinkafa, ta ce in cika cikina kafin in fita. To ga abin mamaki: ranar, saboda fargaba, ko loma ɗaya ta ƙi wucewa. Ni! Inna har ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Na ce mata ai alama ce mai kyau, Allah Ya ɗauke mini yunwar don in fita kunya. Haka na hau bayan moton Idi bayan la'asar, ciki wayam, ina tattare riga kada ta taɓa taya.

Tun daga bakin lungu ƙamshin banda ya tare mu, kuma a nan cikina ya tuna ko shi wane ne. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro da ke farfajiyar gidan, aka ce Malam yana wajen masu lodi, yana zuwa. Lokacin bazara ne, zafi kamar ana gasa mutum, sai na cire hula na ɗora a gwiwa. Can sai ga kwano an aiko daga ciki. Idi ya buɗe. Giwan ruwa ce soyayya, yanzu aka tsame ta daga mai, an barbaɗe ta da yaji ja wur, ga albasa an yanka a kai.

Idi ya yi bismilla. Ban taɓa sanin abokina mugu ne ba sai ranar. Ba zai ci shiru ba, sai ya riƙa bayani. "Kai! Wanga kihi ba shi da ƙaya ko guda. Ka ji yadda bayan ka ƙara? Ciki kuwa kamar auduga. Allah Ya ba ka haƙuri, abokina." Na kalli sama, na kalli ƙasa, na karanta duk abin da na haddace. Cikina ya yi wani kuka da na tabbata an ji shi a Gaya, can ƙetaren kogi. Na duba ƙofar cikin gida, ba kowa. Na duba ƙofar waje, ba kowa. Zuciyata ta ce, gutsure ɗaya, wa ya gani? Sai dai hannuna bai san gutsure ba, ya ɗauko yanka guda mai faɗin tafin hannu.

Ban kai shi baki ba na ji gyaran murya a zaure.

Idi, da saurinsa na ɗan kabu-kabu, ya kifa murfi ya tura kwanon can gefe, inda hannuna ba ya kaiwa. Ga ni da kifi a hannu. In cusa a baki, ya fi ƙarfin loma ɗaya, ga zafi. In sa a aljihu, fuskar yayana ta faɗo mini. In jefar, farfajiyar a share take tas, ko tsinke babu. Idona ya sauka kan hular da ke gwiwata a buɗe, kamar tana cewa ga ni. Hannuna ya riga ya saba da wannan hanyar. Na jefa kifin ciki, na kifa a kai, na goge yatsu a ƙasan tabarma.

Jama'a, ina roƙonku, duk abin da za ku yi a rayuwa, kada ku ɗora kifi mai zafi da yaji a kan sabon aski.

Malam Hamidu ya shigo da wasu dattawa biyu, maƙwabtansa. Muka durƙusa muka gaishe su. Ya kamata in sunkuyar da kai har ƙasa, amma ina jin kifin yana zamewa in na karkata, sai na durƙusa da jiki, wuya kuwa a miƙe kamar na raƙumi. Malam ya dube ni, ya zauna, ya jawo gwangwanin duwatsunsa kusa kamar yadda ya saba. Ya tambayi mahaifina, na ce ya rasu, ya yi masa addu'a. Ya tambayi sana'a, na amsa. Ya tambayi ko rumfar tawa ce ko haya, na amsa. Duk wannan ina jin tsakar kaina tana soyuwa a hankali. Zufa ta haɗu da mai, mai ya kwaso yaji, suka kama hanya ta goshi. Na ji lokacin da suka iso gira. Na ji lokacin da suka tsallake.

Hawaye suka ɓalle. Ba irin na ɗigo ɗaya ba, shar-shar har gemu, hanci ma ya shiga taya su. Ban isa in goge da hannun da ya taɓa yaji ba, ban isa in goge da rigar yayana ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya taɓo ɗan'uwansa ya ce, a hankali amma ina ji, "Ka gani? Tunda aka ambaci ubanshi yaka kuka. Yaron ga shina da taushin zuciya." Ɗayan ya ce, "Irinsu sun yi ƙaranci yanzu." Ku yarda da ni, a cikin azabar nan har wani daɗi na ji. Na ce a raina, ashe yaji ma rahama ne.

Malam ya ce a yi addu'a. Kowa ya ɗaga hannu. A nan ne na ji wata murya daga saman katanga, muryar da zan gane ko cikin barci: "Kwaa."

Na buɗe idon da ya rage mini. Hankaki biyu ne a kan katangar. Na ce, ai hankaki sun yi yawa a garin nan, gidan banda kuwa ba ya rabo da su. Sai na gaban ya ɗan taka, na ga ƙafar hagu a karkace. Ya karkata kai, ya dubi fuskata, ya dubi hular. Ban san tun yaushe yake cikin dogon yaron yana kallona ba. Abin da na sani shi ne karatun da na bai wa Rakiya ya dawo mini kalma bayan kalma. Na yi masa alama da ido, na girgiza kai kaɗan, na ce a zuci, Jandarma, don girman gyaɗar da ke tsakaninmu, ba yau ba. Shi kuwa a saninsa in na girgiza kai wasa ya fara.

Ana cikin "amin, amin" na ji iskar fukafukai, na ji farata a kafaɗar shadda. Ya sa baki ya ture hular yadda na koya masa, tsaf, babu kuskure. Hula ta gangara ta tsaya gaban Malam Hamidu a buɗe, cikinta jage-jage da mai. Kifin ya ɗan tsaya a tsakar kaina, kowa ya gan shi da kyau, sannan ya sulalo ta goshi, ya bi gaban rigar yayana yana jan jar hanya tun daga wuya har ciki. Jandarma ya cafe shi a cinyata ya koma katanga. Hannayen dattawa suna sama, bakunansu a buɗe, babu wanda ya shafa.

Da ƙasa tana tsagewa don kunya, da tuni ina ƙarƙashin kogin Kwara.

Idi ne ya fara farfaɗowa, kuma a nan ya biya kifin da ya ci. Ya miƙe yana salati. "Kun ga ɓarawon tsuntsu! Daga wurin banda ya sato shi, ya sako ma bawan Allah bisa kai! Wallahi tsuntsayen ga sun gagara!" Ƙarya ce mai ƙafa ɗaya, kifin banda daban, soyayye daban, amma dattawan nan suka kama ta hannu biyu. "Haka ne, haka ne," in ji mai cewa ina da taushin zuciya. "Sun saba." Na ji numfashina ya dawo. Ga ƙofa an buɗe mini, abin da ya rage kawai in yi shiru.

Malam ya ɗaga kai ya ga hankakan a katanga. Ya miƙa hannu ya ɗauki danƙo, ya zaɓi dutse a gwangwani, ya sa. Na dubi katanga. A ka'ida hankaka yana ganin hannu ya nufi dutse ya tashi, amma Jandarma yana zaune abinsa, ya taka kifin da ƙafarsa mai lafiya yana yaga, yana barin matarsa tana ɗauka. Ina wurin, kuma a saninsa inda nake ba a jifa. Ni na koya masa haka. Malam ya ja danƙo har kunne.

Ba zan ce muku na yi wani dogon tunani na mutanen kirki ba. Na tuna Rakiya, na tuna maganarta a rumfa, na ce wa bakina ya yi shiru. Sai kawai na ji shi yana magana. "Baba, don Allah kada a harbe shi. Ba daga banda ya ɗauko ba. Ni na ɗauka cikin kwano na sa cikin hula, yunwa nike ji. Cire hular ma ni na koya mishi."

Idi ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa ƙashin baya. Daga bayan zanan da ya raba farfajiya da cikin gida sai wata tsohuwar murya ta fashe da dariya, irin dariyar da ke ƙarewa da tari, aka ji ana cewa "Kaka, ki yi shiru mana," tana ƙara ƙyaƙyacewa. Malam ya sassauta danƙon, ya mayar da dutsen gwangwani. Ya dubi hular, ya dube ni, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya ce, "To. Kun gaisa. Ku gaida gida."

Da muka kusa gida, Idi ya juyo ya ce, "Na gina maka gada, ka ce kai cikin ruwa kaka son bi." Inna ta ga rigar, ta ga kaina da ya yi ja, ta zauna a kan turmi ta ce ba ta son jin komai, sannan ta ce in faɗa mata duka. Abin da ya faru tsakanina da yayana kuwa, sirrin gida ne. Kafin gari ya waye labari ya riga ni isa kasuwa, har an ƙara masa gishiri, wai kifi uku aka samu a hular da ƙullin yaji.

Dariyar mutane ba ta dame ni ba kamar shirun Rakiya. Ba ta zo rumfa ba, ba ta kira ba, na kira ba ta ɗauka ba. Sai da na kwance salulata na duba cikinta ko ita ce ta lalace, ni da na san lafiyarta ƙalau. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, har abinci ya sake fita raina, kuma wannan karon Inna ba ta taɓa goshina ba, ta san ciwon. Jandarma kuwa kullum yana kan turkensa yana jiran gyaɗa. Na yi fushi da shi, na ƙi kallonsa. Amma da na zauna na auna, me ya yi? Abin da na koya masa ya yi, a lokacin da na ba shi alama. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a wannan labarin ni ne tsuntsun. Na jefa masa gyaɗarsa.

Bayan 'yan kwanaki, ina sunkuye kan wata salula, sai moto ya tsaya gaban rumfa. Wata tsohuwa 'yar ƙarama ta sauko da kwano ɗaure cikin ɗankwali. Tun kafin ta yi magana na gane ta da dariyar. Kakar Rakiya ce, mahaifiyar Malam. Na yi wuf na durƙusa, wannan karon kai har ƙasa.

"Tashi, tashi," in ji ta. "Kai ne mijin nawa mai ajiya bisa kai? Na zo in ga ko kan ya nuna." Ta zauna a benci ta dangwara mini kwanon. "Ga shi, Hamidu ya ce a kawo maka. Ya ce wanga da baki aka cin shi."

Na kasa taɓa kwanon. Na ce, "Kaka, na ɓata komi ko?"

Ta dube ni, dariyar ta ɗan lafa. "Kai yaro, Hamidu cikin kihi aka haife shi. Kana tsammanin bai ji ƙamshin kayanshi bisa kanka ba? Tun da ya zamna ya ga mai na bin bayan kunnenka. Ya ce mini da ka yi shiru, da ya harbe tsuntsun, kuma da ba ka ƙara taka gidanshi ba. Ya ce yunwa ba hali ba ce, tuwo na maganinta. Amma wanda ya laɓe bayan tsuntsu yau, gobe bayan matarshi za shi laɓewa." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Ka hwaɗa ma manyanka su taho ran Juma'a. Rakiya kuwa ni na karɓe salularta, don ku ɗan ji a jikinku."

Na buɗe baki in yi godiya, sai hawaye. Ta leƙa fuskata ta ce, "Wanga kuma na yaji ne ko na gaske?" Na ce na gaske ne. Ta ce to in ci kifina tun bai huce ba, ita ba suruka ba ce, mata ce, babu kunya tsakaninmu. Na ci. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, kuma kan kifin na ajiye wa mai shi a kan benci.

Yanzu Rakiya tana ɗakina, har da 'yarmu mai kama da ita, sai dai in an wuce mai ƙosai tana juya kai. Malam Hamidu bai daina harbin hankaki ba, amma Rakiya ta ce in mai karkatacciyar ƙafa ya sauka a katanga sai ya yi kamar bai gan shi ba. Har yau ba na cin abinci a gabansa. In na je gaisuwa aka kawo kwano, Kaka ce ke leƙowa ta bayan zana ta ce a karɓi hulata a ajiye tukuna.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. In za ka gidan surukai, ka ci ka ƙoshi ko da dure za a yi maka. In kuma kana da wurin ɓuya, kada ka koya wa aboki hanyarsa. Amma ni ba na nadama. Na je gidan nan da rigar aro da kunyar aro, ina so a ga farin gabana kawai, sai tsuntsu ya cire mini hula aka ga abin da ke ƙasa. Kuma wannan na ƙasan, shi aka bai wa mata.